Yadda katin bashin da aka daina amfani da shi ke zubar wa mai shi maki

A tarbiyyar da akasarin ma'aikata suka tashi a cikinta, mutumin kirki shi ne wanda ba ya cin bashi, idan kuma larura ta sa ya ci, sai ya biya ya wanke hannunsa. Bankunan Amurka suna awo da wani mudu dabam. A can, wanda ya karɓi katin bashi, ya biya duk abin da ake bin sa, sannan ya jefa katin cikin aljihun tebur ya manta da shi, yana iya wayar gari ya tarar banki ya rufe asusun ba ko sallama, makinsa na cancantar bashi kuma ya sauka, alhali bai taɓa saɓa alkawarin biya ba.

Lamarin ya shafi wani rukuni na ma'aikatan tarayya kai tsaye: jami'an da aka tura ofishin jakadancin Najeriya a Washington, ko ƙananan ofisoshin New York da Atlanta, da waɗanda suka tafi ƙaro karatu, da iyayen da 'ya'yansu ke jami'o'in ƙasar. Da yawa daga cikinsu sukan buɗe katin bashi saboda rayuwar can tana tilasta hakan, su dawo gida su bar shi a baya, sai ranar da wani aiki ko karatu ya sake mayar da su. Ya kuma fara shafar ma'aikacin da bai taɓa ƙetare iyaka ba, tun da gwamnatin tarayya ta ɗauki hanyar shimfiɗa irin wannan tsari na auna masu karɓar rance a cikin gida.

Abin da makin ke aunawa

Makin da ya fi tasiri a Amurka shi ne na kamfanin FICO, wanda Bill Fair da Earl Isaac suka kafa a 1956, ya kuma fito da ma'auninsa na gama-gari a 1989. Makin yana farawa daga 300 ya tsaya a 850. Wanda ya samu 670 zuwa 739 ana ɗaukarsa mai kyakkyawan tarihi, 740 zuwa 799 mai kyau ƙwarai, daga 800 zuwa sama kuwa ya shiga sahun gaba. Ana lissafa shi ne daga bayanan da bankuna ke aika wa manyan kamfanoni uku masu adana tarihin bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion.

Kamfanin ya bayyana yadda yake raba nauyin abubuwan da yake dubawa. Biyan bashi a kan lokaci yana ɗaukar kashi 35 cikin 100. Yawan abin da ake bin mutum, musamman idan aka gwada shi da iyakar da aka ba shi damar ci, yana ɗaukar kashi 30. Tsawon shekarun da ya yi yana mu'amala da bashi kashi 15 ne, sababbin buƙatun rance kashi 10, sai bambancin nau'o'in bashin da yake riƙe da su, shi ma kashi 10.

Amfanin makin bai tsaya a banki ba. Da shi ake yanke yawan kuɗin ruwan da mutum zai biya a lamunin gida ko na mota. Masu gidajen haya sukan duba tarihin bashin mai neman ɗaki kafin su ba shi mabuɗi, kamfanonin waya da na wutar lantarki sukan nemi kuɗin ajiya daga wanda tarihinsa bai gamsar da su ba, a jihohi da dama kuma kamfanonin inshora suna la'akari da shi wajen sa farashi. Saboda haka 'yan makin da suka zube suna iya zama ɗaruruwan daloli a aljihun mutum cikin shekara guda.

Dalilin da banki ke rufe katin

Katin da ba a amfani da shi ba ya kawo wa banki komai. Ribar banki a harkar kati tana fitowa daga kuɗin ruwa, da ɗan kason da mai shago ke biya duk lokacin da aka sayi kaya da katin, da kuɗin shekara idan katin mai irin wannan sharaɗi ne. Idan kati ya kwanta, biyun farko sun yanke. Abin da ya rage wa banki shi ne alkawarin da ya ɗauka cewa a kowane lokaci mai katin zai iya cin bashi har zuwa iyakar da aka ba shi, kuma mai katin da ya yi shekara biyu bai taɓa shi ba, ranar da ya tuna da shi tana iya kasancewa ranar da ya rasa aikinsa. Ga kuma haɗarin 'yan damfara, domin asusun da ba mai leƙawa shi ne ya fi daɗin sata. Shi ya sa bankuna sukan ƙara ƙaimi wajen rufe irin waɗannan katuna da rage iyakar wasu a lokacin da tattalin arziki ya shiga ruɗani, kamar yadda aka gani bayan rikicin kuɗi na 2008 da kuma farkon annobar korona a 2020.

Doka ta ba su wannan dama. Ƙa'idojin bayar da rance na tarayya a Amurka sun yarda banki ya rufe asusun da ya yi wata uku a jere ba a ci bashi da shi ba, kuma ba a bin sa ko sisi. A aikace bankuna sukan jira fiye da haka, wani shekara guda, wani fiye, kowa da tsarinsa, kuma ba dole ba ne su bayyana wa'adin ga mai katin.

Batun sanarwa ne ya fi ba mutane mamaki. Dokar daidaita damar samun bashi ta 1974 ta wajabta wa mai bayar da rance ya sanar da mutum dalili idan ya ɗauki matakin da bai yi masa daɗi ba, amma ƙa'idojin aiwatar da ita sun cire rufewa saboda rashin amfani daga jerin irin waɗannan matakai. Dokar katin bashi da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Mayun 2009 ta tilasta wa bankuna bayar da sanarwar kwana 45 kafin su sauya manyan sharuɗɗa kamar kuɗin ruwa, ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 2010 kuma sun haramta cin tarar mutum don kawai bai yi amfani da katinsa ba. Rufe asusun gaba ɗaya bai shiga cikin abin da ke buƙatar sanarwar ba. Wasu bankuna suna aika wasiƙar gargaɗi don kyautatawa, sai dai wasiƙar tana zuwa ne adireshin da mutum ya bari, wanda ga jami'in da ya dawo Abuja yana iya zama gidan da wani ke haya a ciki yanzu.

Ta inda makin ke zuba

Rubutun da ke fitowa a rahoto cewa banki ne ya rufe asusun, ba mai shi ba, ba ya rage makin FICO. Ɓarnar tana biyowa ta wasu hanyoyi, kuma mafi saurinsu ita ce ta lissafin kason da aka ci daga iyakar bashi.

A ɗauki misalin mai katuna biyu. Tsohon yana da iyakar dala 6,000 kuma ba a bin sa komai a kansa. Wanda yake amfani da shi kullum yana da iyakar dala 4,000, ana bin sa dala 1,200 a kai. A idon ma'auni, ya ci dala 1,200 daga cikin 10,000, wato kashi 12 cikin 100. Ranar da aka rufe tsohon katin, bashinsa yana nan a dala 1,200, amma iyakarsa ta koma 4,000, kason ya haura zuwa kashi 30 cikin 100 ba tare da ya sayi ko allura ba. Masu ba da shawara kan harkar kuɗi a can sukan ce a tsaya ƙasa da kashi 30, waɗanda ke da maki mafi girma kuma yawanci suna ƙasa da kashi 10. Kafin wannan mutum ya koma matsayinsa na da, sai ya rage bashin zuwa dala 480.

Ko wanda ke biyan duk abin da ya ci a ƙarshen wata bai tsira daga wannan lissafi ba, domin bankuna sukan aika adadin da ke kan takardar lissafin wata ne, kafin a biya. Sauƙin da ke ciki shi ne ma'aunan FICO da aka fi amfani da su suna duba kason da ke rahoto a lokacin da aka nema, don haka da zarar bashin ya ragu aka aika sabon bayani, makin yakan farfaɗo.

Hanya ta biyu ita ce ta shekarun tarihi, kuma a nan ne aka fi samun ruɗani. Asusun da aka rufe cikin mutunci ba ya ɓacewa daga rahoto nan take. Yakan zauna har kimanin shekara 10, FICO kuma yana ci gaba da lissafa shekarunsa muddin yana nan. Illar tana zuwa ne daga baya, ranar da asusun ya fita daga rahoto. Idan shi ne mafi tsufa, tarihin mutum yakan gajarce a dare ɗaya. A Birtaniya wa'adin ya fi haka gajarta, domin shekara 6 ne asusun da aka rufe ke yi a rahoto.

Hanya ta uku ita ce ta fi shafar wanda ya bar ƙasar. Kafin FICO ya fitar wa mutum maki, dole ya kasance yana da aƙalla asusu ɗaya da ya kai wata shida da buɗewa, da kuma aƙalla asusu ɗaya da aka aika bayaninsa cikin wata shidan da suka wuce. Jami'in da katinsa ɗaya ne tak, aka rufe shi, banki ya daina aika bayani, bayan 'yan watanni ba a iya lissafa masa maki kwata-kwata. Idan ya koma bayan shekara huɗu ko biyar, mai gidan haya ko dillalin mota zai duba ya ga babu maki, ya ɗauke shi tamkar baƙon da ya sauka jiya. Tarihin bashin da ya gina a Najeriya a tsakanin lokacin ba ya bin sa kai tsaye, domin kowace ƙasa da rumbun bayananta.

Yadda abin ke damun jama'a ya fito fili a watan Yulin 2021, lokacin da bankin Wells Fargo ya sanar da abokan hulɗarsa cewa zai rufe wani nau'in asusun rance na kashin kai, mai aiki kusan irin na kati, ya kuma faɗa musu a cikin wasiƙar cewa rufewar tana iya taɓa makinsu. Suka ya yi yawa, har daga Sanata Elizabeth Warren, kuma a watan Agusta bankin ya janye shawarar.

Yadda ake riƙe kati da rai

Dabarar da masu katuna suka fi bi ba ta da wahala. Sukan ɗora wani ƙaramin biya na wata-wata a kan katin, kamar kuɗin wata manhaja ko na layin waya, sannan su umarci banki ya riƙa cire cikakken kuɗin daga asusun ajiyarsu kai tsaye. Ta haka katin yana motsi, ba a kuma biyan kuɗin ruwa. Wasu sukan wadatu da sayen ɗan abu sau ɗaya cikin kowane wata uku. Idan katin mai kuɗin shekara ne, ana iya neman banki ya sauya shi zuwa wanda ba a biya, galibi ba tare da tarihin asusun ya yanke ba.

Ga wanda ya dawo gida, dabarar tana da sharuɗɗa. Asusun ajiyar da ake cire kuɗin daga cikinsa dole ya kasance da kuɗi, lambar waya da adireshin imel da banki ke da su dole su kasance masu aiki, kuma sai an riƙa leƙa asusun lokaci-lokaci. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, gyaran gangar auzinawa ake yi: biyan da ya makara da kwana 30 yana shiga rahoto, ya zauna shekara 7, kuma ya taɓa sashen da ya fi kowanne nauyi a ma'auni. Kuɗin shekara na dala 95 da aka manta da shi yana iya yin ɓarnar da ta ninka ta rufe katin. Wanda ya san ba zai iya sa ido ba, gara ya biya komai, ya rufe katin da kansa, ya karɓi shaida a rubuce. Shi ma asusun ajiyar yana da nasa wa'adi, domin a dokokin jihohin Amurka kuɗin da aka yi watsi da su, galibi shekara uku zuwa biyar, ana miƙa su ga baitulmalin jiha har sai mai su ya zo nema.

Wanda ya tarar an riga an rufe katinsa yana iya kiran banki ya nemi a sake buɗe shi, kuma saurin kiran yana ƙara yiwuwar amincewa. Ya kamata ya tambaya ko za a ɗauki buƙatar a matsayin sabuwa, domin sabuwar buƙata tana jawo binciken da ke zama a rahoto shekara biyu, ko da yake FICO shekara ɗaya kawai yake lissafa shi. Rahoton kansa ana samunsa kyauta daga kamfanonin uku, dokar rahoton bashi ta 1970 kuma ta ba mutum damar ƙalubalantar kuskure, a bincika masa cikin kimanin kwana 30.

Inda lamarin ya haɗu da Najeriya

Katin da ke aljihun yawancin ma'aikata a Najeriya na cirar kuɗi ne. Kuɗin mutum ne yake fitarwa, don haka ajiye shi ko lalacewarsa ba ya shiga tarihin bashi. Amma ƙasar tana da nata kamfanonin adana tarihi guda uku masu lasisin Babban Bankin Najeriya: CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry. Dokar rahoton bashi da Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun 2017, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ita ce ginshiƙin aikinsu, ta kuma ba kowane mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Kamfanin CRC, wanda ya haɗa gwiwa da FICO, yana fitar da maki daga 300 zuwa 850. Babban Banki ya wajabta wa bankuna su duba rahoto daga aƙalla biyu cikin kamfanonin kafin su bayar da rance.

Nauyin waɗannan bayanai ya ƙaru tun watan Afrilun 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya amince da fara shirin rancen masu sayayya a ƙarƙashin hukumar CREDICORP, wanda aka soma da ma'aikatan gwamnati. Hukumar ta kuma bayyana aniyar ɗaure tarihin bashin kowane ɗan ƙasa da lambarsa ta NIN.

A nan gida, asusun da aka yi watsi da shi yana cutarwa ta wata fuska. Ma'aikaci yakan sauya bankin albashinsa, ko hadimin wani mai muƙami ya ga albashi ya tsaya da ƙarewar wa'adin maigidansa, sai a bar tsohon asusu da ragowar rancen albashi, ko 'yar rarar da aka cira fiye da abin da ke ciki, ko kuɗin da ya taru a kan katin bashi na naira. Adadin yana iya zama 'yan dubbai, amma bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba yana shiga sahun waɗanda suka lalace a ƙa'idar Babban Banki, haka kuma zai fito a rahoto. Mai shi ba ya sani sai ranar da ya nemi lamunin gida ko na mota aka mayar da shi. Tun ranar 1 ga Agustan 2020 kuma, tsarin GSI ya ba mai bayar da rance damar bin lambar BVN ya cire haƙƙinsa daga asusun mai bashi a wani bankin. Kashin baya ga wanda zai bar banki shi ne ya biya ragowar, ya karɓi takardar shaidar cewa ba a bin sa bashi, sannan bayan 'yan watanni ya duba rahotonsa ya tabbatar an gyara.

Asusun ajiya da ya kwanta ba tare da bashi ba hukuncinsa dabam ne. Ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a watan Yulin 2024 sun ɗauki asusun da ya shekara mai shi bai taɓa shi ba a matsayin kwantacce, idan kuma ya kai shekara 10 a haka, ana mayar da kuɗin wani asusun amana na musamman a Babban Banki. Kuɗin suna nan a matsayin haƙƙin mai su ko magadansa, ana kuma iya nemansu ta hannun bankin da aka ajiye su tun farko.

Tambayar riba

Ga Musulmi da dama, tambayar da ke gaba da batun maki ita ce ko riƙe katin ya halatta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da sharaɗin kuɗin ruwa ke cikin yarjejeniyarsa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da katin ba, bisa sharaɗin biya cikakke a kan lokaci. Wannan hukunci ne da kowa zai nema daga malamin da ya aminta da shi.

A Najeriya, wanda ya zaɓi kauce wa kuɗin ruwa yana da hanyar gina tarihi ta bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019. Cinikin murabaha da ake biya kashi-kashi nauyi ne a wuyan mai saye, bankunan kuma suna ƙarƙashin ƙa'idar aika bayanai kamar sauran. Ma'aikacin da ya sayi mota ko kayan gida ta wannan hanya ya biya a kan lokaci yana tara irin shaidar da mai katin bashi ke tarawa.

Kafin jami'i ya rufe jakarsa zuwa gida, ko ma'aikaci ya cike takardar sauya bankin albashi, aikin da ke gabansa na yini guda ne: ya lissafa duk asusun da ke ɗauke da sunansa, ya tantance wanda zai riƙe da wanda zai rufe, ya sabunta lambar waya da adireshi a kan waɗanda zai riƙe, ya karɓi shaida a rubuce kan waɗanda ya rufe, sannan ya sa ranar da zai nemi rahotonsa na kyauta a shekara mai zuwa.